Minti Arba'in da Ɗaya a Cikin Bututu

Litinin, 7 ga Oktoba

Ƙwai dubu goma sha biyu suka dahu jiya da rana a injin ƙyanƙyasa na uku. Saura kwana uku su fashe. Bel ɗin fanka ne ya tsinke, zafi ya yi ta hawa har ya haura digiri arba'in da biyar, kafin Baba mai kula da injuna ya iso ya buɗe ƙofa aikin gama ya gama. Warin har ofishinmu yau da safe.

Manaja ya tara mu a tsaye, ko kujera bai ce a ja ba. Ni da Dogo da Baba. Ya shimfiɗa takarda biyu a tebur. Ta farko daga manhajata ce, wadda na rubuta da harshen C shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mai auna zafin injin duk daƙiƙa ashirin ta rubuta layi ɗaya. Ta nuna gargaɗi ƙarfe ɗaya da minti goma sha huɗu. Ta biyu daga manhajar Dogo ce, sabon injiniyanmu, ta harshen Python, mai karɓar layukana ta tura saƙo wayar Baba. Ita ma ɗaya da sha huɗu ta nuna.

Baba ya ce shi saƙo bai shigo masa ba sai biyu saura minti biyar. Yana ɗakin tsaki yana rarraba su, waya na aljihun gaba, tana yin ƙara ya sheƙa da gudu.

Manaja ya karɓi wayar ya duba. Irin 'yar ƙaramar nan ce da aka ɗaure bayanta da roba, duk sanda batir ya motsa agogonta ya koma farkon shekara. Ba ta shaidi kowa ba.

"Na'ura biyu sun ce ɗaya da sha huɗu, kai kaɗai ka ce biyu saura biyar. Wa zan ɗauka?"

An dakatar da Baba. Kwamiti zai zauna ranar Juma'a ta sama, sha takwas ga wata, a yanke ko a sallame shi. Shekararsa ashirin da shida a nan.

Na ji ba daɗi, wallahi na ji. Amma da Manaja ya juyo ya ce, "Injiniya, kin tabbata da abinki?" ban ko ƙifta ido ba. Na ce manhajata ba ta taɓa makara ba, kuma ba a kan ƙwan jiya za ta fara ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Dogo ya zo ya tsaya mini a ka da kofin shayinsa. Wai, "Anti, ko za mu zauna mu duba mahaɗar tare?" Mahaɗar yake nufin bututu, wato inda bakin manhajata ke zuba layuka kai tsaye cikin kunnen tasa.

Na ce ka duba naka ɓangaren, ni nawa a wanke yake.

Ji mutum! Wata huɗu kacal da aka kawo shi, wata huɗu kacal da aka cire tsohon allon da ke ɗakin Baba aka ce an ci gaba, yanzu komai ta waya. Shekara goma sha ɗaya allon nan yana nuna zafi layi bayan layi, ko ƙwai ɗaya bai taɓa mutuwa ta dalilina ba. Ana jona masa nasa sai ga asara. To ina za a nemi ɓaraka, a tsohon gini ko a sabon ɗaki?

Ba wai mugu ba ne. Ya iya aikinsa daidai gwargwado, yana da ladabi har ya yi yawa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda yake kiran manhajata "tsohon kod ɗin" a hankali, kamar mai gaida mara lafiya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na yi gwaji a gaban Manaja, ni na nema. Na buɗe manhajata a allon kwamfutata, na tsoma ma'aunin zafi cikin kofin ruwan zafi. Daƙiƙa ashirin ba ta cika ba sai ga layi ɓaro-ɓaro: GARGAƊI. Na maimaita sau biyar. Na ce ko a ƙara? Ya ce ya isa.

Dogo ma ya yi nasa. Yana da wata 'yar manhaja ta gwaji da ya rubuta da harshensa, mai kwaikwayon tawa, tana watsa layukan ƙarya. Ya sake ta, wayar Manaja ta yi ƙara nan take. Shi ma sau biyar.

Manaja ya tafa hannu sau ɗaya. "Shi ke nan. Naki lafiya, nasa lafiya. Saura mutum."

Na fito ina taku ɗai-ɗai. Na so in ji daɗi sosai, sai dai na bi ta ƙofar ɗakin Baba, na ga takalman robarsa a jere a bakin ƙofa, wani ya ɗora bokiti a kansu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ba ni na dakatar da shi ba. A rubuta wannan.

Asabar, 12 ga Oktoba

Malam, maigidana, ya ɓata mini safiya. Yana zaune a falo da tarin takardun ɗalibansa yana maki, ina guga, na ba shi labarin gwajin don ya taya ni murna. Bai ɗago ba ya ce, "Kin gwada naki, ya gwada nasa. Wa ya gwada su a haɗe?"

Na ce an gwada ranar da aka jona su, wata huɗu da suka wuce, a gabana.

"To."

Wannan "to" ɗin nasa! Shekara goma sha shida ina fama da ita. Na ce idan ya ƙware haka ya zo ya karɓi aikin, ni in je in koyar da tarihi. Ya yi dariya ya ce ɗalibansa ba su yi laifin komai ba. Na kusa ƙona masa wuyan riga, kuma da na ƙona ba zan yi nadama ba.

Da ya ga na haɗe rai sai ya sauke murya. Ya ce shi abin da ya sani kawai, mutumin da ya kawo mana kwali guda na ƙwai da ƙafarsa lokacin da na haifi auta, bai yi masa kama da maƙaryaci ba.

Na ce ban ce maƙaryaci ne ba. Tsufa ne. Mutum yana iya jin ƙara ya ɗauka ta jiya ce.

An gwada ranar jonawa, wannan gaskiya ne. Abin da ban faɗa wa Malam ba, ranar sauri muke, Manaja na tsaye yana duba agogo, sai na sa manhajata ta riƙa zuba layi ɗari a daƙiƙa maimakon ɗaya a daƙiƙa ashirin, don kada mu kwana a wurin. Kowa haka yake yi. Ba wanda ke zama ya jira zafi ya hau da kansa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Baba na bakin get da na iso. Maigadi bai bar shi ya shiga ba, umarni ne, shi ma maigadin kansa a ƙasa. Ya sa riga mai tsabta kamar mai zuwa asibiti.

Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi Malam da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zaro wani littafi daga leda, irin na 'yan makaranta mai layi, bangonsa ya yi laushi don damƙa.

"Injiniya, na kai wa Manaja ya ce ai mutum na iya zama a gida ya rubuta abin da ya ga dama. Ke kin san lissafi. Ki duba kawai, in ba komai ki yar."

Ashe tun da aka cire allon bai daina tsohuwar ɗabi'arsa ba. Manhajar Dogo tana tura masa saƙon "komai lafiya" duk awa, shi kuma duk saƙon da ya shigo sai ya dubi agogon hannunsa ya rubuta lokacin. Wata huɗu, shafi bayan shafi, da biro shuɗi.

Ya ce, "Kin tuna na taɓa ce miki saƙon nan ba ya zuwa kan lokaci?"

Na tuna. A bakin famfo ne, ina wanke kofi, cikin watan Yuli. Na ce masa, "Sabis ne, Baba, ka san halin kamfanonin waya." Ko juyowa ban yi ba.

Na karɓi littafin don kada in kunyata shi a gaban maigadi, ba don komai ba. Yana cikin jakata. Ba zan buɗe ba, na san abin da na rubuta.

Talata, 15 ga Oktoba

Na buɗe.

Lokacin hutun rana, ofis ba kowa, na nemi shafin ranar Lahadin. Saƙon ƙarfe goma ya shigo 10:22. Na sha ɗaya, 11:04. Na sha biyu, 12:30. Na ƙarfe ɗaya, 1:12. Sai gargaɗin, 1:55, rubutun a karkace, da gani a tsaye ya yi shi bayan komai ya lafa.

Da farko na ce ka ji, sabis ne, yau minti huɗu gobe talatin. Sai hannuna ya fara lissafin tazarar da ke tsakaninsu da kansa, ɗabi'a ce. Daga 10:22 zuwa 11:04, minti arba'in da biyu. Daga 11:04 zuwa 12:30, tamanin da shida, wato arba'in da uku sau biyu. Sai arba'in da biyu. Sai arba'in da uku. Na koma Satumba, na koma Agusta. Ko'ina haka. A wata huɗu babu saƙon da ya makara fiye da minti arba'in da uku.

Sabis ba ya makara da tsari. Kuma duk duniya ba mai zama a gida ya ƙirƙiro wannan da biro.

Layina harafi talatin da biyu ne cif, ni na tsara shi haka, har ina alfahari da shi. Layi ɗaya duk daƙiƙa ashirin. Na ɗauki dubu huɗu da casa'in da shida na raba da talatin da biyu, ya ba ni layi ɗari da ashirin da takwas. Sau daƙiƙa ashirin. Minti arba'in da biyu da daƙiƙa arba'in.

Innalillahi.

Bafa ce. Abin da ake koya wa ɗan aji ɗaya. Idan manhajar C tana rubutu a allo, kowane layi tana sakinsa da ya ƙare. Idan aka juya bakinta cikin bututu, sai ta canza hali ba tare da ta sanar da kowa ba: ta riƙa tara layukan a wata 'yar ma'ajiya mai cin harafi dubu huɗu da casa'in da shida, ba ta sakin ko ɗaya sai ma'ajiyar ta cika. Kamar motar tasha, ko kana da mara lafiya a baya direba ba ya tashi sai kujeru sun cika. Motar ta tashi 1:12. Gargaɗina ya shigo 1:14, ya zauna a mota kusan babu kowa, yana jiran fasinja, ƙwai na dahuwa.

Shi ya sa gwajina ya fita tas, a allo na yi shi. Shi ya sa na Dogo ya fita tas, 'yar manhajarsa ta gwaji ya sa mata umarnin sakin kowane layi. Shi ya sa na ranar jonawa ya fita tas, layi ɗari a daƙiƙa yana cika ma'ajiyar kafin ka ƙifta ido.

Takardu biyun Manaja kuwa ashe shaida ɗaya ce. Manhajar Dogo ba ta duba agogonta, lokacin da ke jikin layina take kwafewa ta ce shi ne lokacin tura saƙo.

Ban ci abincin rana ba. Na maida shi gida yadda na zo da shi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na zo da sassafe kafin kowa, na jona su biyun a kwamfutata da saurinsu na gaskiya, na tsoma ma'auni a ruwan zafi, na ajiye wayata a tebur. Shiru. Na share teburina, na shayar da shukar taga, na amsa wasiƙu uku. Sai bayan minti talatin da takwas ta yi ƙara.

Na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin inda ake rubuta awo: fflush. Ma'anarsa, saki abin da ke hannunki yanzu. Na sake gwadawa, waya ta yi ƙara kafin in zare hannu daga kofin. Na ɗora gyaran a injuna shida duka kafin ƙarfe tara. Ba wanda ya gani.

To me kuma ake so da ni? Na gano, na gyara, ba ƙwan da zai sake mutuwa ta nan.

Kuma bari in faɗa, tunda littafina ne. C bai yi ƙarya ba. Abin da ya yi a rubuce yake a ƙa'idarsa tun kafin a yaye Dogo. Ni don allo na rubuta manhajata, a allo kuma ba ta taɓa saɓawa ba. Wanda ya zo ya jona bututu shi ya kamata ya tambayi yadda bakin yake zuba. Python ɗin nasa ma haka yake tara layuka in aka juya shi cikin bututu, shi ya sa ya sa wa tasa ta gwaji umarnin saki. Ya sani ke nan! Ya sani a harshensa, bai tambaya a nawa ba. Wanda ya ce a cire allo fa? Wanda ya ƙi sayen ƙararrawa ta bango da na rubuta a saya tun bara fa?

Duk gaskiya ne. Na karanta abin da na rubuta sau biyu, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sake karantawa karo na uku.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sakatariya ta kawo mini takarda in sa hannu, ta kwamitin gobe ce. Layi uku: wai ni, shugabar sashen na'ura, na bincika na tabbatar tsarin gargaɗi yana aiki daidai ba tare da jinkiri ba. Dogo ya riga ya sa nasa hannun a ƙasa, da zuciya ɗaya, bai san komai ba.

Yana aiki daidai. Tun jiya ƙarfe tara. Ko a gaban alƙali zan iya rantsewa a kan kowace kalma.

A ƙarƙashin takardata a cikin fayil ɗin akwai wata, na ga kanta kafin ta janye. Ta sallamar Baba ce, an buga an gama, kwanan watan gobe ne a kai.

Na ce mata birona ya ƙare. Ta miƙo nata. Na ce ta bar takardar zan karanta a tsanake. Ta dube ni, ta dubi layi ukun, ta fita.

Shekara goma sha ɗaya ina ce wa mazan ofishin nan su kawo kuskure ɗaya a aikina in ajiye musu makulli. Na faɗa a taro, na faɗa a gaban baƙi. Akwai masu jiran ranar nan tun ina sabuwar zuwa, na san su, na san inda za su zauna su yi dariyar. Ba zan ba su ba. Wallahi ba zan ba su ba.

Malam ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya kwashe yara suka tafi gidan Yaya. Gara da ya ce "to".

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ban sa hannu ba.

Na shiga kafin a kira Baba, yana zaune a benci a waje. Na ɗora littafinsa a kan takardun Manaja, na ce wannan ne kaɗai agogon gaskiya a gidan nan. Na cire layin da na ƙara, na tsoma ma'auni a ruwan zafi, na ce kowa ya zauna. Mutum biyar suna kallon waya a tebur. Manaja ya ce ba shi da lokaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙwan ma ba su da shi." Minti ashirin da tara muka yi. Sannan wayar ta yi ƙara.

Na yi bayani, kuma ban sunkuyar da kai ba. Na faɗi batun allo, na faɗi batun ƙararrawa, na faɗi na agogon manhajar Dogo. Dogo ya miƙe zai ɗauki laifin duka, na ce zauna, ba a gama ba. Sannan na faɗi cewa ni na ƙara saurin gwajin ranar jonawa. Na faɗi cewa Baba ya sanar da ni tun Yuli. Na faɗi cewa tun Talata na sani, na gyara ranar Laraba na yi shiru. Wannan na ƙarshen ba wanda ya tambaye ni. Bakina ne kawai.

An ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata. An karɓe shugabancin sashe zuwa wani lokaci. Za a sake rubuta manhajata da Python, Dogo zai jagoranta, ni in taimaka. In taimaka!

Ba a ma kira Baba ciki ba. Sakatariya ce ta fita ta ce masa ya dawo aiki Litinin.

Mai lissafin kaya ya yi dariyarsa a baranda, daidai inda na zata. Na tsaya na dube shi har ya tuna yana da aiki.

Asabar, 19 ga Oktoba

Har yanzu ina nan a kan bakana, C bai yi laifi ba. Na wanke labulen gidan nan duka.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ba wurin Baba na je ba, ma'aunin injin na uku na je dubawa. Yana ciki yana jera sabbin ƙwai a tire, ya sa tabarau a kan hanci. Na miƙa masa littafinsa. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.

Ya ce ya ji abin da aka yi mini, bai ji daɗi ba. Wai shi bai kawo littafin don a taɓa ni ba, ya ɗauka laifin kamfanin waya zan gano.

"Da an kira ni ranar Juma'a, cewa zan yi idona ne ya gaza, na ga saƙon ban gane ba. Na riga na shirya maganar tun a gida. Ke kina da sauran shekaru a aikin nan, 'yata. Ni nawa suka rage?"

Yana faɗa yana juya ƙwai, tsinin ƙasa, faɗin sama, ko kallona bai yi ba.

Na faɗa masa wata magana da yake bi na bashinta tun Yuli. Ba sai na rubuta ta a nan ba. Sau biyu na faɗa, don ta farkon ƙarar fanka ta shanye ta.